Renon Ayaba da Dabino a Kwalba Don Sayarwa: Amsa Ga Mai Shirin Zuba Jari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da lambu a ƙasar Haɗeja, ina kuma da ɗan jarin da na tara a kasuwancin hatsi. Ɗana da ya gama digiri a fannin noma ya kawo mini shawarar mu kafa ɗakin renon tsiro a kwalba, abin da suke kira tishu kalca, mu riƙa fitar da dashen ayaba da na dabino muna sayar wa manoma. Ya ce daga toho ɗaya ana samun dubbai a shekara. Mene ne wahalhalun wannan sana'a, kuma kana ganin in shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya kuma yi wa yaron nan albarka, don bai yi maka ƙarya ba. Daga toho ɗaya na ayaba ana iya fitar da dashe ɗaruruwa, har a haura dubu, kafin shekara ta zagayo. Na daɗe hannuna yana cikin wannan aiki, kuma har yau in na ɗaga kwalba na ga 'yan tsirrai kore shar sun cika ta, raina yakan yi fari. Sai dai tunda guminka ne za ka zuba, gara in faɗa maka tun da wuri: hayayyafar da ake yi a cikin kwalba ita ce mafi sauƙi a duk sana'ar. Jarin mutane yana narkewa ne a hanyar da ke tsakanin kwalba da gonar manomi. Shawarata kada ka fara da gina ɗakin gwaji, dabino kuwa ka jingine maganarsa tukuna.

Aikin kansa ba wani asiri ba ne. Ana haƙo ɗan ayaba daga gindin uwa mai lafiya, a yi ta ɓare shi kamar albasa har a kai ga idon da ke fitar da sabon ganye, ɗan dunƙulen da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. A wanke shi da sifirit da ruwan bilic, a ɗauraye da ruwan da aka dafa, a dasa shi a kwalba a kan wani abinci mai kama da kokon da ya kwana ya kafe. A cikin abincin akwai gishirin taki iri-iri, da sukari giram 30 a kowace lita, da garin aga da ake samu daga ciyawar teku don ya daskare, da ɗan homon da ke sa toho ya yi 'ya'ya. Yawancin ɗakunan gwaji na duniya har gobe da haɗin da masana biyu, Murashige da Skoog, suka wallafa a 1962 suke aiki, kuma tun wajen 1960 da Georges Morel na Faransa ya nuna yadda ake yawaita furen okid ta wannan hanya aka fara cin kasuwa da ita. Duk bayan mako huɗu ko biyar sai a fito da dunƙulen, a rarraba 'ya'yan da aska, a mayar da su sababbin kwalabe.

Kai ɗan kasuwa ne, to mu yi lissafin tare. A ce kowane toho yana zama uku a kowane zagaye. Zagaye bakwai zai ba ka 2,187. Wannan shi ne lissafin da yaro ya gani a takarda. Yanzu a ce a kowane zagaye kwalba ɗaya cikin goma tana lalacewa, abin da ba baƙo ba ne a sabon ɗaki. Ukun nan ta koma 2.7, kuma bayan zagaye bakwai abin da ke hannunka bai wuce 1,046 ba. Asarar ɗaya cikin goma ta cinye rabin kayan, domin duk tohon da ya mutu ya tafi da 'ya'yansa da jikokinsa. In aka sake rasa biyu cikin goma wajen fito da su waje, sun koma kamar 837. Kuɗin wuta da albashi da magani kuwa ba su ragu da ko kwabo ba.

Me ke lalata kwalba? Abincin nan ba tsiro kaɗai ke son sa ba. Sukari ne da danshi da ɗumi, wato aljannar fumfuna da bakteriya, kuma sun fi tsiro saurin girma nesa ba kusa ba. Shi ya sa ake turara abinci da kwalabe a tukunya mai matsi a zafin digiri 121 na minti 15 zuwa 20, ake kuma yin yankan a gaban wani teburi mai busa tatacciyar iska, ana gasa aska da hantsaki bayan kowane yanka. Numfashi ɗaya a kan buɗaɗɗiyar kwalba, ko hannun riga da ya gifta ta samanta, ya isa. A ƙasarmu ga ƙurar hunturu, wadda take toshe matatar teburin kafin lokacinta, matatar kuma daga waje ake sayo ta.

Fumfuna dai mai sauƙi ce, don cikin 'yan kwanaki za ka gan ta, fara ko baƙa ko koriya, ka fitar da kwalbar. Wadda ta fi ban tsoro ita ce bakteriyar da ke zaune a cikin jijiyar tsiron tun daga gona, inda bilic ba ya kaiwa. Takan yi lamo zagaye biyu ko uku, kana ta rarraba tsiron kana murna. Wata safiya ka ɗaga kwalba ka haska ta da fitila, sai ka ga wani ɗan farin hazo ya kewaye gindin tohon a cikin abincin, kamar an ɗiga nono a ruwa. Ka ɗaga ta kusa da ita, haka. Duk kwalaben da suka fito daga wannan uwa sun tafi, in ba a rubuta asalin kowace kwalba a jikinta ba kuwa, ba ka ma san iyakar ɓarnar ba. Na taɓa ganin wata annobar ta daban a wani ɗaki da na yi aiki: wasu ƙananan ƙwari da ido da ƙyar yake ganin su suka shigo, suna bi ta ƙarƙashin murfi daga kwalba zuwa kwalba, ƙafafunsu ɗauke da ƙwayar fumfuna. Sai da muka ga fumfunar tana tsirowa a jere kamar sawun tururuwa sannan muka gane. Muka kwashe ɗakin gaba ɗaya, aikin wata biyar ya tafi bola.

Sai wuta, kuma a nan ina so ka tsaya sosai. Ɗakin reno yana son zafi tsakanin digiri 25 da 27, dare da rana, da hasken fitilu na kamar awa 16 a kullum. Ɗaki ne rufaffe ba taga, fitilun kansu suna fitar da zafi, kai kuma ka san yadda Haɗeja take a watan Afrilu, lokacin da zafin waje yake haura digiri 40. In na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya na yini guda, cikin kwalba ya zama tukunya. Wani lokacin bazara janareton wurinmu ya lalace ranar Juma'a da yamma, ba a samu kayan gyara ba sai Litinin. Da muka buɗe ƙofa, gumi ya lulluɓe cikin kwalabe, ganyen ya yi laushi ya koma ruwan ƙasa, waɗanda suka rayu ma sai bakteriyar da ke ɓoye ta taso musu saboda wahalar da suka sha. Kaji in wuta ta ɗauke ka buɗe musu taga. Kwalba ba ta da wannan. Don haka duk wanda zai kafa irin wannan ɗaki a Arewa, kuɗin sola da batura da janareton ko-ta-kwana yana cikin kuɗin gini tun ranar farko, kuma sau da yawa ya fi kuɗin kayan gwajin kansu.

Magunguna da aga da matata da dala ake sayen su, ka kuma ga yadda naira ta yi tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. A nan akwai dabarun rage kuɗi da suke aiki: sukarin shayi yana maye gurbin na ɗakin gwaji, kwalaben jam da na mayonis suna yi, babbar tukunyar girki mai matsi tana isar ƙaramin ɗaki. Abin da ba shi da araha shi ne hannu. Babu injin da zai yi maka yankan, kowane tsiro sai ya bi ta hannun mutum sau bakwai ko takwas kafin ya fita. A ƙasashen da albashi yake da tsada, ƙwadago ne yake cin kaso mafi girma na kuɗin samar da kowane tsiro. Mu a nan albashi bai kai haka ba, amma gwanin hannu ne yake wuya. Sai ka yi watanni kana koya wa mutum kafin ya daina ɓata maka kwalabe, ranar da ya ƙware kuma wani ya ɗauke shi. Aiki ne na zama wuri ɗaya awa shida ko bakwai, baki a rufe, ba hira, ba waya. Ba kowane mai digiri ne yake jure shi ba, kuma mafi tsabtar hannu da na taɓa gani wasu 'yan mata ne biyu masu difloma.

Yanzu ga matsalar da ba a gani a kwalba sam, wadda ita ce take zubar da mutuncin mai sana'a. Ana cewa duk tsiron da ya fito daga uwa ɗaya kamarta ɗaya sak. Galibi haka ne, amma ba kullum ba. Yawan homon da yawan zagaye suna sa wasu tsirrai su rikiɗe. A ayabar Kabendish, wadda ita ce ta cika kasuwar duniya, rikiɗar da aka fi gani ita ce wadantaka: itacen ya tsaya gajere, ganye ya cunkushe, nonon ya fito ƙanana a matse. Akwai masu ganye mai rodi-rodi ko siriri. Shi ya sa ɗakunan da suka san mutuncin kansu suke tsayawa a zagaye bakwai ko takwas, su zubar da abin da ya rage, su koma gona su ɗauko sabuwar uwa. Jarabar kuwa tana nan: fara sabuwar uwa yana da tsada da jinkiri, ci gaba da yanka tsohuwa kuma kusan kyauta ne. Wanda kuɗi suka matse shi sai ya kai zagaye goma sha biyar yana yanka. Manomi ba zai gane ba sai bayan wata tara ko goma, bayan ya zuba taki da ban ruwa.

Kada ka ɗauka ƙananan masu sana'a kaɗai abin yake kamawa. A shekarun 1980 manyan kamfanoni masu ƙwararrun masana sun dasa kwakwar manja ta kwalba a Malesiya, aka jira shekaru, da itatuwan suka fara haihuwa sai aka ga wasu suna fitar da 'ya'ya masu nakasa, marasa man kirki, wasu ma ba sa nuna. An ba da rahoton abin a 1986, amma sai a 2015 masu bincike na hukumar manja ta Malesiya da abokan aikinsu suka gano musabbabinsa, wato wani ɗan canji a yadda ake kulle wani yanki na ƙwayar gadon itacen. Kusan shekara 30 ke nan ana asara kafin a san dalili.

Haka nan kalmar "mara cuta" da ake tallar dashen kwalba da ita tana buƙatar bayani. Gaskiya ne ya rabu da tsutsar saiwa da ƙwaron gindi da cututtukan ƙasa da ɗan ayaba na gargajiya yake yawo da su daga gona zuwa gona, wannan kuma babbar riba ce. Amma bilic ba ya kashe bairos ɗin da ke cikin jikin tsiro. In uwar tana da shi, ka yawaita cuta sau dubu ka rarraba wa jama'a da hannunka. Akwai cutar da ke cunkushe kan ayaba ta hana ta haihuwa, wadda darɓar ayaba take yaɗawa, an kuma tabbatar da ita a jihar Ogun wajen 2012. Dole a kai samfurin kowace uwa a gwada kafin a fara. Agade ma tana da tata rigimar: akwai bairos mai sa zane a ganye wanda yake kwance a cikin ƙwayar gadonta tun asali, wahalar renon kwalba kuma tana iya tashin sa ko da uwar lafiyarta ƙalau. Indiya, da ta ga irin wannan, tun 2006 ta kafa tsarin tantance dashen kwalba na ƙasa, ana gwada bairos da kuma ingancin iri kafin a ba da shaida.

To a ce duk ka tsallake waɗannan, tsiro ya yi saiwa a kwalba, ya kai tsawon yatsa. Saura yaye, kuma ni a wurina nan ne zuciyar sana'ar. Tsiron kwalba ɗan gata ne. Tun da aka halicce shi yana cikin laima kusan ɗari bisa ɗari, ana ba shi sukari a baki, bai taɓa sanin rana ko iska ba. Ganyensa ba shi da kakin nan da ke hana ruwa tsiyayewa, ƙananan kafofin numfashinsa ba su iya rufewa ba, saiwarsa kuma ba ta saba da ƙasa ba. Ka fito da shi ka ajiye a iskar hunturu, kafin ka gama alwala ya yanƙwane.

Ga yadda muke yi. Da sassafe ake fito da su, a zuba a bahon ruwa, a wanke abincin da ya manne a saiwa da yatsu a hankali, don ɗan abin da ya rage zai jawo ruɓa. A tsoma su a ruwan maganin fumfuna, a dasa a faranti mai ramuka, cikin garin ɓawon kwakwa ko buntun shinkafa da aka babbaka aka gauraya da yashin da aka turara. A shigar da su ƙarƙashin rumfar leda a cikin inuwa, ana fesa musu ruwa kamar raɓa. Mako na farko ba a buɗewa sai don feshi. Daga nan a riƙa ɗaga gefen ledar kaɗan-kaɗan, yau awa ɗaya, jibi awa biyu. Ruwa ya yi yawa, gindi ya ruɓe. Ya yi kaɗan, su bushe. Ranar da ka ga sabon ganye ya fito, mai kauri da sheƙi, wanda ba irin na kwalba ba, ka san wannan ya tsira. Bayan kamar wata guda a mayar da su leda mai ƙasa da taki a rumfar raga, su yi wata ɗaya ko biyu, sannan su isa gona. A wannan matakin ne kuma mai ido yake tsince waɗanda suka rikiɗe ya zubar. Littattafan da ɗanka ya karanta galibi an rubuta su ne a wurare masu laima. A busasshiyar iskarmu, da ruwan burtsatsen da wani lokaci yake da kanwa-kanwa, sai mutum ya koyi nasa da hannunsa.

Sai kasuwa, wadda ka fi ni sani, amma wannan haja ta bambanta da hatsi. Buhun gero in farashi bai yi ba ka mayar da shi sito. Dashe ba ya jira. Daga ranar da aka yanka uwa zuwa ranar da dashe zai isa gona ana cin wata takwas zuwa shekara, ke nan yau za ka yanke shawarar adadin da manoma za su nema baɗi. In ka yi yawa, suna nan a leda suna girma, saiwa tana nannaɗewa, kana biyan mai ban ruwa. In suna kwalba, dole ka ci gaba da yanka su duk wata, kuɗi yana tafiya, haɗarin rikiɗa yana ƙaruwa. Na ga inda wata hukuma ta yi odar dubban dashe da baki, aka yi aikin, lokacin karɓa ya zo aka ce kuɗi ba su fito ba. Duk wanda zai yi oda mai yawa, ya ajiye kafin alƙalami.

Ka kuma tambayi kanka wa zai saya. Manomin ayaba na gargajiya yana samun 'ya'ya a wurin maƙwabcinsa kyauta ko a kan kuɗi kaɗan. Hekta ɗaya in an yi tazarar mita biyu-biyu tana cin dashe 2,500, ka ga kuɗi ne masu kauri a wurinsa. In ma ya saya sau ɗaya, baɗi ayabar ta yi masa 'ya'ya, ba zai dawo ba sai bayan shekaru. Sannan dashen kwalba ba shi da dunƙulen gindi mai ajiyar abinci irin na ɗan ayaba, don haka a watannin farko ba ya jure ƙishi ko ciyawa ko akuya. A Kenya, inda aka fara yaɗa ayabar kwalba ga ƙananan manoma tun tsakiyar shekarun 1990, an ga cewa ribarta tana fitowa ne a wurin wanda yake da ruwa da taki da kulawa. A yankin Jalgaon na Indiya kuwa, inda sana'ar ta kafu sosai, kamfanin Jain Irrigation yana sayar da dashen ne tare da bututun ban ruwa na ɗigo da koyarwa, ga manoma masu yawa a wuri ɗaya, ga motocin da ke jiran kaya. Wanda ya sayar da dashe ga manomin da bai shirya ba, in gona ta mutu, sunansa ne zai ɓaci a kasuwa.

Dabino kuwa, na san abin da ya ja hankalinku. In an shuka ƙwallo, kusan rabi maza ne, ba a kuma gane su sai sun yi fure bayan shekaru, matan ma ba sa gadon halin uwarsu. 'Ya'yan da uwa take fitarwa a gindi ba su da yawa, 'yan gomomi ne a duk rayuwarta, kuma tana ƙuruciya take yin su. Ga buƙata, musamman da azumi, ga dabinon Nijar da na ƙasashen Larabawa cike da kasuwanninmu. Duk gaskiya ne. Amma dabino yana cikin itatuwa mafi taurin kai a kwalba. Sai ka sadaukar da ɗa guda mai shekaru, ka sare shi har zuciya, don ka sami abin farawa. Naman yana yin baƙi da zarar an yanka, kamar yadda goro yake sauya launi in an fasa shi, ruwan da yake fitarwa kuma yana kashe shi, sai an haɗa da garin gawayi na musamman ana sauya masa abinci a kai a kai a cikin duhu. Abin da ayaba take yi a wata guda, dabino sai ya yi watanni bai motsa ba. Daga farawa zuwa dashen da za a sayar, ka ƙaddara shekara biyu zuwa uku ba ka karɓi ko sisi ba.

Hanyar da ta fi saurin yawaita shi tana amfani da sinadarin 2,4-D, wanda ka sani a maganin ciyawar shinkafa da masara, kuma ita ce aka fi danganta ta da rikiɗa. An sami gonaki a Gabas ta Tsakiya inda irin Barhi na kwalba ya yi ta fure ba ya ɗaukar barbara yadda ya kamata, aka kuma sami irin Majhul da ya wadance. Mai saye ba zai sani ba sai bayan shekara huɗu ko biyar yana ban ruwa. Cinikin biri a sama ke nan, sai amana ta yi ƙarfi ake yin sa. Maroko ta zuba ƙarfinta a wannan fanni ne saboda cutar bayud ta kashe mata miliyoyin itatuwa, kuma gwamnati da cibiyoyin bincike ne suka ɗauki nauyin shekarun jira. In kana son dabino a lambunka, ka je reshen binciken dabino na cibiyar NIFOR da ke Dutse, kusa da kai, ka nemi shawararsu a kan irin da ya dace da daminarmu, domin ruwan sama a lokacin nuna yana ɓata dabino. In kuma za ka shigo da dashe daga waje, sai da izinin hukumar NAQS mai kula da shigo da tsirrai, da takardar shaidar lafiyarsu daga ƙasar da suka fito.

Abin da zan so ka yi da kuɗinka shi ne ka fara daga ƙarshen aikin. Ka gina rumfar raga da rumfar leda a lambunka, ka tabbatar da ruwa mai kyau. Ka tuntuɓi wuraren da suka riga suka kafu, irin cibiyoyin binciken noma na IITA da NIHORT da NACGRAB da ke Ibadan, ko kamfanoni masu zaman kansu, ka sayi 'yan tsirrai masu saiwa, ɗari biyar ko dubu, ku yaye su da kanku. Ka tambayi mai sayarwa abu uku kafin ka biya: wane iri ne takamaimai, an gwada uwar don bairos, kuma zagaye nawa aka yi. Wanda ya yi maka hanya-hanya a kan waɗannan, ka bar masa kayansa. Rabin abin da ya rayu ka dasa a gonarka a inda masu wucewa za su gani, don gani ya kori ji, sauran ka sayar wa manoman da ka san suna da ruwa. A shekara ɗaya za ka san nawa ke mutuwa a hannunku, wane iri masu sari suke so, da nawa manomi zai iya biya, duk wannan da ɗan kaso na kuɗin gina ɗaki.

Akwai ma wata hanya da ba ta buƙatar kwalba ko wuta, wadda cibiyar binciken ayaba ta CARBAP da ke Njombe a Kamaru ta inganta. Ana fere gindin ayaba mai lafiya, a kashe idon tsakiya da wuƙa, a binne shi a garin katako mai danshi a ƙarƙashin leda, sai idanun gefe su farka su yi ta fitar da toho ana cirewa. Gindi ɗaya yana ba da goma ko fiye cikin 'yan watanni. In ka fara da uwayen da suka fito daga kwalba aka gwada lafiyarsu, ka sami dashe mai tsabta da araha, kuma yaran lambunka za su iya koyon sa cikin mako guda.

Shi kuma yaron, kada wannan amsa ta kashe masa gwiwa, don ƙasar nan tana buƙatar irinsa. Masu dankalin Turawa a Filato suna fama da gurɓataccen iri, masu citta a kudancin Kaduna sun ga abin da annobar 2023 ta yi musu, duk kuma tsabtataccen iri suke nema. Ka tura shi ya yi wata shida a ɗakin da yake fitar da dashe don sayarwa, ya zauna a gaban teburin yanka, ya wanke kwalabe, ya riƙe littafin da ake rubuta asarar kowane mako. In ya dawo, kuka ga odar da ke hannunku a rubuce, da kafin alƙalaminta, ta fi abin da kuke iya sayowa, to lokacin gini ya yi. Ku fara da ayaba kaɗai, iri ɗaya ko biyu, a ƙaramin ɗaki, ku kuma kafa solar ku gwada ta bazara guda cur kafin kwalbar farko ta shiga. Allah ya sa albarka a cikin abin da za ku yi.